Zare da Ɗamara: Yadda 'Yan Dambe Suka Riƙa Auna Kansu a Ƙasar Sakkwato

Duk wanda ya taɓa koyon wasan ƙarfi, dambe ne ko kokawa ko kareti, ya san wata rana da takan riski mai koyo bayan ya ɗan yi nisa. Ita ce ranar da zai dubi abokin da suka fara tare, ya ga kamar ya yi masa fintinkau. Daga nan sai zuciya ta fara saƙa: anya wannan harka tawa ce? Anya ba wahalar banza nake sha ba? Wasu sukan haɗiye tambayar su ci gaba. Da yawa kuwa daga ranar ba a sake ganinsu a fili.

A birnin Sakkwato na yau masu wannan tambaya kashi biyu ne. Akwai yaron da ke ɗaura zare a hannu yana bin wani babban ɗan dambe, akwai kuma wanda ke sa fararen kaya ya ɗaura ɗamara mai launi a ƙugu, yana koyon kareti ko takwando a makaranta ko a bariki. Dukansu suna da waya a aljihu, kuma a cikinta suke kallon gwanayen da ke sa su raina kansu. Abin da muke so mu bi diddiginsa a nan shi ne ma'aunin kansa: da me kakanninmu suke gane cewa ɗan dambe ya ci gaba, wa ke da hurumin faɗin haka, kuma yaya aka yi ma'aunin ya yi ta canja hannu har ya iso inda yake yanzu.

Abin da baƙo ya gani a 1824

Tarihin dambe a baka da waƙa yake zaune, amma akwai wani tsohon bayani a rubuce da ya dace mu fara da shi. A farkon shekarar 1824 wani Bature ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Hugh Clapperton ya sauka Kano a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya sha jin labarin 'yan damben Hausa, sai ya aika aka nemo masa su, ya yi alkawarin wuri 2000. Suka zo da makaɗa, mahautan gari suka rufa musu baya. Aka watsa wa 'yan kallo ƙasa don su ja da baya, fili ya buɗe. A littafin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826 ya kwatanta yadda aka naɗe wa kowane ɗan wasa hannun dama da ƙyallen saƙi, tun daga yatsu har zuwa sangali.

Abubuwa biyu daga cikin bayaninsa sun shafi zancenmu kai tsaye. Na farko, kafin a haɗa kowa da kowa, kowane ɗan dambe sai da ya fito shi kaɗai tsakiyar fili, ya nuna damatsansa, ya kamanta kansa da kura da zaki, ya ce duk wanda ya tare shi zai kashe shi. Wannan shi ne kirarin da muka sani har gobe. Na biyu, da aka fara fito da su biyu-biyu, idan ya kasance waɗanda aka haɗa abokai ne, sai su haɗa ƙirji, su shaida wa jama'a cewa su aminai ne, ɗaya ya fita a kawo wani. Sai waɗanda babu amana tsakaninsu ne suke sa hannu.

Ma'anar wannan ita ce tun shekaru 200 da suka wuce 'yan dambe suna da dokar da ta hana mutum auna kansa da kowa da kowa. Akwai wanda kake tare da shi, tsakaninku babu tambayar wa ya fi. Shi ne kuwa mutumin da mai koyo na yau ya fi azabtar da kansa a kansa, wato abokin atisayensa.

Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na wannan shekara, lokacin birnin bai wuce shekara 15 da kafuwa ba, tunda a 1809 Bello ya kafa shi. Ya sake dawowa a 1826, ya rasu a nan a watan Afrilun 1827. Mahautan da ya gani a Kano kuwa suna da 'yan'uwansu a Sakkwato, waɗanda Sakkwatawa ke kira rundawa, wurin sana'arsu kuma runji. Kalmar tana nan a bakin kowa a sunan unguwar Runjin Sambo. Kalangu shi ne kiɗan rundawa, shi ne kuma kiɗan dambe, don haka sana'ar da wasan tare suka taso.

Ma'aunin shekara-shekara

Damben da, wasan kaka ne. Da damina kowa na gona, babu mai lokacin ɗaura zare. Sai an kai amfani gida, rumbu ya cika, bukukuwan aure sun kama, sannan rundawa ke bin ƙauyuka da dabbobin yanka da makaɗansu da samarinsu. Inda suka sauka a yi ciniki da rana, da la'asar a buɗe fili. Kokawa ma haka take, sai dai ita ta fi zama ta manoma, kuma kusan kowane yaro a ƙauye ya taɓa ta a dandali a daren farin wata.

Wannan tsarin lokaci yana da tasiri a zuciyar mai koyo. Saurayin da aka buge a kakar bana yana da wata bakwai ko takwas kafin ya sake haɗuwa da wanda ya buge shi. A tsakani zai yi huɗa, ya yi noma, ya ɗauki damin gero a ka, ya ja guga a rijiya, ya kayar da sa idan ɗan runji ne. Jikinsa na canjawa ba tare da yana dubawa kullum ba. Idan kaka ta zagayo ya sa zare, bambancin da ke tsakanin bara da bana a bayyane yake gare shi da kuma 'yan kallo. Wanda ke auna tsawon ɗansa kowace safiya ba zai taɓa ganin yaron na girma ba, sai baƙon da ya shekara bai zo ba ne ke riƙe baki.

Haka nan duniyar da yake kwatanta kansa da ita ƙarama ce. Ya san samarin garinsu da na garuruwan da ƙafa ke kaiwa, irin su Kware da Wurno da Rabah da Bodinga ga wanda ke kusa da birni. Labarin gwanin da ke nesa yakan iso ne ta bakin fatake da makaɗa, a hankali, kuma kowa ya san an ƙara masa gishiri a hanya.

Ba a awon nauyi a damben gargajiya. Da ido ake haɗa mutane, idon kuwa na manya ne. Ɗan dambe yakan je gaban wanda yake so ya miƙa masa hannu, shi kuma yana iya karɓa ko ya ƙi. Idan yaro ne, ubangidansa na iya hana shi, ya ce bai kai ba tukuna. Za a yi masa dariya a ranar, makaɗa ma su ɗan taɓa shi, amma ya koma gida da haƙoransa cikakku. Hukuncin ya kai ko bai kai ba yana hannun wanda ya riga shi shan naushi, don haka nauyin bai faɗa kan yaron shi kaɗai ba.

Suna a madadin matsayi

Dambe ba shi da takardar shaida. Abin da yake da shi suna ne. Duk mai bin wasan a yau ya saba jin Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane, Dogon wane. Sunaye irin su Garkuwan Cindo da Autan Sikido da Ali Ƙanin Bello sun zaga gidajen dambe daga Sakkwato har Legas. Idan muka lura, kowane ɗaya daga cikinsu yana jingina mai shi ga wani mutum. Sunan yana faɗin gidan da ka fito da wanda ya tsaya maka, bai faɗin mataki nawa ka hau. Rukunonin da ake raba 'yan wasa a kansu, Arewa da Kudu da Guramada, su ma gidaje ne da mutum ke shiga ya samu masu goya masa baya.

Yaron da ya shiga irin wannan gida yakan fara da riƙe wa ubangidansa jaka da ruwa da zare. Yana kallon yadda ake ɗauri, yadda ake tsayuwa, yadda hannun da ba a ɗaure ba ke zama garkuwa yana auna tazara, ɗaurarren kuma yana jira a baya kamar mashi. Sannan a fara sa shi a damben share fage da sa'o'insa kafin manya su fito. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Sau da yawa kuma turmi ukun kan ƙare babu kisa, a raba su, kowa ya koma ɓangarensa. Wannan "babu kisa" babban abu ne ga mai koyo. Yaron da bara aka kashe a turmin farko, bana ya kai na uku yana tsaye, ya san ya ci gaba ko da ba shi aka ɗaga wa hannu ba, kuma ubangidansa ya sani.

Kada mu ɗauka mutanen da ba su san faɗuwar gaba ba. Da ba su san ta ba, da ba su tanadar mata magunguna masu yawa haka ba. Kirari magani ne: mutum na faɗa wa kansa da ƙarfi abin da zuciyarsa ke shakka. Take magani ne: makaɗi ya buga maka naka, jikinka ya ɗauki tsuma, ka manta da girman wanda ke gabanka. Layu da kambuna da guraye da tsagar da ake yi a hannu a shafa magani, duk abin da malamai za su ce game da hukuncinsu, shaida ne cewa ƙaton da ke tsakiyar fili yana jin ƙarfinsa kaɗai bai isa ba. Masani Edward Powe ɗan Amurka, wanda ya yi nazarin wasannin ƙarfi na Hausawa ya kuma fitar da littafi a kansu a 1994, ya jera dambe da kokawa tare da shanci da tauri da sharon Fulani. A cikinsu duka kiɗa da kirari da asiri suna tafiya tare da wasan, kuma aikinsu ɗaya ne, su tsayar da zuciyar da ke rawa.

Shago ya shiga rediyo

Canji na farko babba ya zo ta hanyar waƙa. Ƙasar Sakkwato ta dā, kafin a cire Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, ita ce ta haifi fitattun mawaƙan maza, kuma a fagen dambe babu wanda sunansa ya kai na Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Waƙar da ya yi wa Shago ta shiga kowane lungu na ƙasar Hausa, har waɗanda ba su taɓa zuwa gidan dambe ba sun san Shago da abokin karawarsa Ɗandunawa. Malaman Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran jami'o'in Arewa sun daɗe suna nazarin waƙoƙinsa.

Da can waƙar makaɗi a fili take ƙarewa, ko ta bi shi zuwa gari na gaba. Bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, da zuwan Rediyon Rima a Sakkwato, da kuma yaɗuwar kaset, sai ta samu ƙafafun da suka fi na mai ita. Yaron da ke ƙauye, wanda a da gwanin garinsu ne iyakar abin da ya sani, yanzu ya samu wani ma'auni da babu mai iya kaiwa gare shi. Dalili kuwa aikin mawaƙi shi ne wasa gwaninsa. Yana tattara damben shekaru masu yawa ya zuba su cikin minti ashirin ko talatin, ya tsince ranakun nasara, ya bar shekarun riƙon jaka da safiyoyin da gwani ya tashi da kumburarren ido. Shagon da ke cikin waƙa ya fi Shagon da ya taka ƙasa ƙarfi, haka kuma kowane gwarzon da aka taɓa yi wa waƙa.

Duk da haka waƙa tana da wata kariya a tattare da ita. Mai sauraro ya san zuga ce. Bahaushe ya san makaɗi na cewa mutum giwa ne alhali jiya ya gan shi yana cin tuwo a gindin bishiya. Ana jin daɗin waƙar, ana tsuma da ita, amma ba a ɗaukarta a matsayin awo na gaskiya.

Takobi a tsallaken iyaka

Canji na biyu hukuma ce ta kawo shi. Tun a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa bikin kamun kifi, aka samu taron da sarakuna da gwamnati ke tsayawa a kansa, wanda daga baya kokawa da dambe suka zama cikin abubuwan da ake nunawa a cikinsa. Amma inda hukuma ta kama wasan gargajiya da hannu biyu shi ne Jamhuriyar Nijar, wadda iyakarta ta Illela da Ƙonni ba ta da nisa da birninmu.

A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda zakara ke karɓar takobi. Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan Maraɗi, shi ya fara ɗaukarsa. A tsarin yanzu kowace jiha daga cikin jihohi 8 na ƙasar tana kawo 'yan kokawa 10, ana watsa wasan a rediyo da talabijin, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya tana saurare, mutanen Sakkwato da ke kama tashoshin Nijar su ma suna bi. Ƙadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobin sau da yawa har sunansa ya zama abin buga misali.

Gasar ta ɗaukaka kokawa, ta ba 'yan wasa kuɗi da daraja da ba su taɓa samu ba. Ta kuma kawo wani lissafi sabo: mutum 80 ke shiga, ɗaya ke fita da takobi. A dandalin ƙauye kowane gari na da zakaransa, wasu garuruwan ma biyu, kuma babu wanda ya damu ya tantance wa ya fi tsakanin na gabas da na yamma sai ranar da suka haɗu. Da aka yi tsani guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, sai kowa ya san matakin da yake kai, ya kuma san yawan waɗanda ke samansa.

Ɗamara daga Japan

Canji na uku daga nesa ya taso. A 1882 wani malamin makaranta a Tokiyo mai suna Jigoro Kano (sunan ya yi kama da na birninmu na Kano, amma babu dangantaka) ya kafa makarantar judo ta Kodokan. A 1883 ya fara ba ɗalibansa matsayi hawa-hawa, tsarin da ya aro daga wani wasan allo na ƙasarsu mai kama da dara. Bayan 'yan shekaru manyan ɗalibai suka fara ɗaura baƙar ɗamara don a bambanta su da masu fara. Gichin Funakoshi ya ɗauki tsarin ya sa a kareti, ya ba da matsayin farko a 1924. Launuka masu yawa da muke gani yau, rawaya da kore da shuɗi da sauransu, a Turai suka yaɗu, musamman ta hannun Mikinosuke Kawaishi da ya koyar a Faris tun daga shekarun 1930. Hikimar ita ce ɗalibin da ke ganin alamar ci gabansa a jikinsa kowane 'yan watanni ba ya saurin gajiya ya tafi.

Wato ɗamara mai launi an yi ta ne don maganin wannan shakka da muke magana a kai. Ta iso mana ta hanyar sojoji da 'yan sanda da makarantu, finafinan Bruce Lee na shekarun 1970 kuma suka cusa wa samari sha'awarta a gidajen silima. Tana da amfani na gaske. Tana raba doguwar tafiya zango-zango, tana faɗa wa yaro abin da ake so ya iya kafin ya wuce gaba, tana hana a haɗa sabon shiga da wanda zai karya shi.

Sai dai maganin ya zo da nasa ciwon. Abin da ubangidan ɗan dambe ke riƙewa a ransa, ɗamara ta ɗaure shi a ƙugu kowa na gani. A ajin kareti ana jeruwa ne bisa matsayi, don haka duk ranar atisaye yaro na ganin inda aka tsayar da shi da inda aka tsayar da abokinsa. Idan abokin ya ci jarrabawa shi bai ci ba, ko iyayensa ba su samu kuɗin jarrabawar ba a wannan zangon, launin da ke jikinsa zai yi ta faɗa masa haka har wata shida. Amanar nan da Clapperton ya gani, ta haɗa ƙirji a ƙi gwada juna, ba ta da gurbi a layin da aka jera bisa launi.

Tarihin waɗanda suka yi nisa a wannan fage yana nuna cewa tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Chika Chukwumerije ya je gasar Olamfik ta Atens a 2004 da fatan Nijeriya a kansa, aka fitar da shi a karawarsa ta farko, a hannun Pascal Gentil na Faransa. Da a ranar za a yanke masa hukunci, da an ce ya gama. A 2007 ya ci zinare a wasannin Afirka a Aljiyas, a 2008 ya ciyo tagulla a Bejin. Nijar kuwa tun tagullar da Issaka Daboré ya ciyo a damben zamani a Munik a 1972 ba ta sake ganin lambar Olamfik ba sai bayan shekara 44, lokacin da Abdurrazak Isufu Alfaga ya ciyo azurfa a takwando a Riyo a 2016. A karawar ƙarshe aka doke shi. Shekara ɗaya bayan haka, a Muju ta Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya.

Waya

A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa mutum na da buƙatar sanin iyakar iyawarsa, kuma idan babu ma'auni tsayayye sai ya koma kwatanta kansa da wasu. Ya ƙara da cewa kwatancin yana ba da amsa mai amfani ne idan wanda aka kwatanta da shi ya yi kusa da kai a iyawa. Manyan gidan dambe ba su karanta shi ba, amma abin da suke yi ke nan duk lokacin da suka haɗa yaro da sa'ansa suka hana shi wanda ya fi ƙarfinsa.

Waya ta rushe wannan shinge. A yau ana ɗaukar dambe daga Kano da Abuja da Legas da Sakkwato ana sawa a YouTube da Facebook da TikTok, miliyoyin mutane na kallo har a ƙasashen da ba su san inda ƙasar Hausa take ba. Kamfanoni sun shigo da gasa mai alƙalai da likitoci da kyaututtuka masu tsoka. Wannan alheri ne ga 'yan wasan da suka daɗe suna zubar da jini a kan kuɗin liƙi. Amma abin da ya fi yawo a waya shi ne daƙiƙa goma na kisa. Turmi uku da aka yi babu kisa ba ya samun masu kallo. Bambancinsa da waƙar Ɗan Anace shi ne hoto ba ya kama da zuga. Yaro na ganinsa da idonsa, sai ya ɗauka haka damben gwanaye yake kullum, nasa ne kawai ke tafiyar hawainiya.

Illar tana fitowa ta fuska biyu. Wasu sukan ajiye zaren ko ɗamarar tun ba su kai inda jiki ke fara fahimtar abin da ake koya masa ba, su rasa horo da abokai da ladabin da wasan ke ba matashi a garin da aikin yi ya yi ƙaranci. Wasu kuma sukan yi gaggawa, su nemi babban suna don a ɗauke su a waya, su karɓi damben da ya fi ƙarfinsu. Naushin ɗaurarren hannu a ka ba abin wasa ba ne, ana rasa ido, ana rasa hankali, ana rasa rai. Ba ɓoyayyen abu ba ne kuma cewa ƙwaya da wiwi sun shiga wasu gidajen dambe, suna yin aikin da take da kirari ke yi a da, wato danne tsoro, sai dai su suna bin mai su bashi har bayan ya daina wasa.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba za mu mayar da dambe wasan kaka kaɗai ba, ba za mu kuma ƙwace waya daga hannun samari ba. Amma abubuwan da suka tsare zuciyar mai koyo a da ba su da tsada, kuma duk mai horar da yara a Mabera ko Arkilla ko Gidan Igwai yana iya dawo da su. Ya zama akwai babba guda da yaro ya yarda da idonsa, wanda idan ya ce ka ci gaba ko ba ka kai ba, maganarsa ta fi ta masu sharhi a waya. A tsawaita lokacin awo, a kwatanta yaro da yadda yake bara, kuma a nan wayar kanta na iya taimakawa idan aka ɗauke shi yau aka ajiye hoton sai baɗi. A girmama ƙin karɓar karawar da ba ta dace ba. A bar abokin atisaye ya zama aboki. Mutanen Sakkwato kuma ba sa buƙatar a tuna musu da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya mayar da ƙarfi na gaskiya ga mallakar kai lokacin fushi maimakon yawan kayar da mutane. Mai koyon da ya iya riƙe zuciyarsa ranar da abokinsa ya wuce shi ya riga ya fara wannan darasi.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan marubuta da ɗaliban Hausa. A ƙauyukan da ke kewaye da birnin nan da cikin tsofaffin unguwanni akwai dattawan da suka ɗaura zare a zamanin da Ɗan Anace ke yawo da kalangu. Idan aka je wurinsu, tambayar da aka saba yi ita ce wa suka kashe, a wane gari. Ya kamata a ƙara da wasu: shekara nawa ka yi kana riƙon jaka, wa ya fara kashe ka, me ubangidanka ya ce maka a daren, wace kaka ce ka so ka bari, me ya dawo da kai. Mawaƙa sun adana mana ranakun nasara. Sauran ranakun suna bakin waɗannan dattawa, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi.